Hukuncin Salla a Kan Matafiyin Jirgin Sama

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, tsakanin filin jirgin sama na Kaduna da na Jidda akwai nisan kimanin kilomita 3,600, watau wajen mil 2,200. Kakanninmu sun keta wannan nisa a ƙasa, ta Barno da Wadai da Darfur, har su kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, cikin watanni, wasu ma cikin shekaru. Jirgin sama kuwa yana cinye shi cikin awa biyar ko kusa da haka. Saboda wannan sauƙi ne wasu maniyyata suke shakka ko kasaru ta halatta a gare su.

Amsa ita ce ta halatta. Asalin kasaru yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 101, kuma a mazhabar Imamu Malik sunna ce mai ƙarfi. Malamai sun rataya ta a kan nisa, ba su rataya ta a kan yawan awoyi ko tsananin wahala ba. Nisan kuwa shi ne baridi huɗu, watau mil 48, kamar yadda Ibn Abi Zaid ya ambata a cikin Risala. Azahar da La'asar da Isha'i su ne ake mayarwa raka'a biyu. Asuba da Magariba ba a taɓa su.

Sai dai mutumin Kurmin Mashi ba zai fara kasaru daga ƙofar gidansa ba, ko daga sansanin alhazai na Mando, domin bai fita gari ba tukuna. Sai ya wuce gine-ginen Kaduna. In ya sauka kuma ya ƙudurta zaman kwana huɗu cikakku a wuri guda, to, ya koma cika salla.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne sha'anin lokaci. Agogon Saudiyya yana gaban na Nijeriya da awa biyu, kuma mai tafiya gabas yininsa gajarta yake yi. Misali, jirgi ya tashi daga Kaduna da ƙarfe 12 na rana, kafin zawali. Bayan awa biyar agogon hannun alhaji zai nuna ƙarfe 5 na yamma, ya ɗauka yana da sauran lokaci, alhali a Jidda ƙarfe 7 ne, rana ta faɗi ko tana gab da faɗuwa. Ke nan Azahar da La'asar duk sun shiga sun fita yana zaune a kujera.

Lokacin salla yana bin ranar wurin da mutum yake ne, ba agogon garin da ya baro ba. Saboda haka ya kamata matafiyi ya shiga jirgi da alwalarsa, ya san awar tashi da ta sauka tun yana ƙasa. Idan ya tabbata lokaci zai fita kafin a sauka, lalle ne ya yi salla cikin jirgin, a tsaye yana fuskantar alƙibla in ya sami hali, in bai samu ba ya yi yadda ya iya. Mai zuwa Ɗakin Allah bai kamata ya buɗe tafiyarsa da tozarta farilla ba.

Allah ne mafi sani. Allah ya kai maniyyata lafiya, ya komo da su lafiya, amin.