Ƙoƙiƙoƙi, Abokin Manomi

Da damina, manoman Cake da na ƙauyukan Tasawa da Mayahi suna ganin ƙoƙiƙoƙi cikin gonakin hatsi da wake. Ƙwaro ne mai ƙafa 6. Babbar mace takan kai santimita 8. Ba shi da dafi, kuma ba ya cin shuka. Abincinsa fara, da tsutsa, da ƙuda. Yakan laɓe cikin ganye, ya cafke su da ƙafafunsa na gaba masu ƙaya.

Macen tana zuba ƙwai da yawa cikin kumfa, jikin kara ko reshe. Kumfar ta bushe, ta yi tauri. Wanda ya ƙone kara ya ƙone ƙwan. Maganin ƙwari ma yana kashe ƙoƙiƙoƙi.

Mai son kiwonsa ya sami kwali mai zurfi, ya rufe da ƙyallen gidan sauro, ya aje a inuwa. Ya sa tsinke ciki, don nan yake ratayewa in zai yi saɓa. Duk bayan kwana 2 ya ba shi fara mai rai, ya yayyafa ruwa kaɗan. Kada a haɗa biyu wuri ɗaya, babba zai cinye ƙarami.

Iyaye su hana yara kashe shi, aikin gona yake taya su.