Sana'ar Kayan Ado: Daga Zauren Maƙeri Zuwa Wayar Salula

Daga cikin sana'o'in Hausawa na gargajiya, ƙira ta kasu gida biyu. Akwai maƙeran baƙi, masu sarrafa baƙin ƙarfe su fitar da fartanya da garma da gatari. Akwai kuma maƙeran fari, waɗanda aikinsu ya shafi azurfa da tagulla, daga baya kuma sanholo. Su ne ke ƙera zobe da awarwaro da munduwa da 'yan kunne da sarƙa. Baya ga waɗannan, akwai mata masu shirya duwatsu a zare, su fitar da dutsen wuya da tsakiya da jigida. Wannan darasi zai dubi yadda ake cinikin waɗannan kayayyaki a yau, musamman a garuruwa irin su Kakau da ke Ƙaramar Hukumar Chikun, a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja.

Matsayin yarda a cinikin kayan ado

Kayan ado sun sha bamban da hatsi ko itace, domin ido kaɗai ba ya iya tantance su. Zoben azurfa tsantsa da wanda aka gauraya da wani ƙarfe duk ƙyalli suke yi ranar da aka saye su. Sai an kwana biyu ake gane na ƙwarai, lokacin da ɗaya ya koɗe ko ya ɓata wa mai shi yatsa. Ke nan mai saye yana biyan kuɗinsa ne bisa yarda da mai sayarwa.

A zamanin da, al'umma ta tanadi abin da ke tsare wannan yarda. Ƙira sana'a ce ta gado, don haka an san maƙeri, an san ubansa da zaurensa. Idan ya yi algus, akwai Sarkin Maƙera da za a kai wa ƙara. Sau da yawa ma mai saye ne ke kawo ƙarfensa, alal misali tsohon awarwaro ko kuɗin azurfa, a auna a gabansa kafin a narkar. A manyan kasuwanni kamar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), kowace sana'a tana da layinta da shugabanninta, kuma a nan ne kayan gida ke haɗuwa da na baƙi, irin su duwatsun gilashi da kayan tagulla na Bida da aikin azurfa na maƙeran Agadas.

Matan da ke cikin kulle kuwa, dillaliya ce kasuwarsu. Ita ke shiga gida-gida da ƙunshin kaya, ta san mai haɗa lefe, ta san mai neman sayar da sarƙarta a asirce saboda wata lalura. Ladanta kaɗan ne, amma sunanta shi ne jarinta.

Kasuwar baje koli

Garuruwan kudancin kogin Kaduna ba su da wannan tsohon tsari yadda yake a birnin Kano ko Zariya. Kakau asali ƙasar Gbagyi ce, kuma jama'ar yankin sun haɗa ƙabilu da dama da neman abinci ya tara. Masaƙun Kakuri sun daɗe suna riƙe da dubban gidaje, tun daga Kaduna Textiles da ta fara aiki a 1957. Da ta rufe a 2002, sannan UNTL ta bi sahu a 2007, sai iyalai da yawa suka koma ga ƙananan sana'o'in hannu. Shirya duwatsu na daga cikin masu sauƙin farawa, don ba ya buƙatar zuga-zugi ko uwar maƙera, sai zare da duwatsu da ƙaramar filaya da haƙuri.

Mai irin wannan sana'a ba ta gaje ta ba, saboda haka sai ta nemi inda za a san ta. Ɗaya daga cikin wuraren shi ne Kasuwar Baje Koli ta Duniya ta Kaduna, wadda ƙungiyar 'yan kasuwa ta KADCCIMA ta fara shiryawa a 1979, ake kuma ci a filinta da ke kan hanyar Zariya. Amfanin baje koli shi ne mai saye ya taɓa kaya da hannunsa, ya ji nauyinsu, ya gwada, ya yi tayi. Sai dai akwai kuɗin rumfa da na mota daga wannan ƙarshen gari zuwa wancan, ga kwanakin da aka bar aiki. Shi ya sa masu ƙaramin jari kan haɗa kuɗi su kama rumfa ɗaya. Masu dabara ba su auna nasarar baje koli da cinikin da suka yi a wurin kaɗai, sun fi duba yawan mutanen da suka karɓi lambar wayarsu.

Ciniki ta intanet

Wayar salula ta shigo Nijeriya sosai a 2001. Da wayoyi masu ɗaukar hoto suka yawaita, sai WhatsApp da Facebook da Instagram suka karɓi wani ɓangare na aikin dillaliya. Mace tana ɗakinta a Kakau za ta ɗora hoton sarƙa, wata a Abuja ta gani, ta tura kuɗi ta banki, a ba direba saƙon a tasha. Kullen cutar korona na 2020 da ƙarancin takardun naira na farkon 2023 sun ƙara tura jama'a ga wannan hanya.

A nan ne matsalar yarda ta fi tsanani, domin babu Sarkin Maƙera, babu dillaliyar da za a riƙe. Mai saye tana tsoron ta biya a aiko mata da abin da bai yi kama da hoton ba, ko a rufe waya. Mai sayarwa kuma tana tsoron saƙon shigar kuɗi na bogi. Abin da ke maganin wannan shi ne faɗin gaskiyar kaya: in ruwan zinare aka shafa, a ce ruwan zinare ne; in dutsen roba ne, kada a kira shi murjani. Haka kuma hoton da aka ɗauka da hasken rana, ba tare da an gyara launinsa ba, ya fi wanda aka ƙawata amfani, ko da bai kai shi jan ido ba.

Wani wurin da ake yawan tuntuɓe shi ne sa farashi. A ƙaddara mace ta sayi duwatsu da zare da maƙalai na naira 3,000, ta yini tana shiryawa, ta sayar a kan 4,000. A ganinta ta ci ribar 1,000, alhali ba ta cire kuɗin data da na leda da na zuwa tasha ba, balle ladan yininta. Ga kuma kayan masana'anta daga Sin da Dubai da suka cika kasuwa, waɗanda aikin hannu ba zai iya karawa da su wajen araha ba. Inda mai aikin hannu ta fi su shi ne yin abu bisa oda: daidai wuyan amarya, daidai launin ankon biki, kuma in ya tsinke a dawo mata da shi ta gyara.

Aikin ɗalibi malami

Yara da yawa a aji sun san kayan ado da sunayen Ingilishi, amma ba su taɓa jin ƙarau ko munduwa ba. Yana da kyau malami ya zo da kayan a hannu, ko ya gayyato maƙeri ko mai shirya duwatsu daga unguwar da makarantar take. Kafin darasi na gaba, kowane ɗalibi ya zanta da mai wannan sana'a guda ɗaya, ya rubuto sunayen kayan aikinsa da Hausa, da yadda yake samun masu saye, da abin da yake yi idan aka dawo masa da kaya.