Hutun Gwamnati Yana da Iyaka

Kowace shekara a Jigawa, da zarar an gama shagalin sallah, kuka iri ɗaya ake ji daga Kazaure zuwa Roni, daga Gwiwa zuwa Babura: an je ofis ranar komawa aiki, an tarar da ƙofa da kwaɗo. Saboda haka ya wajaba kowa ya san mai ikon ba da hutu, da ranar da hutun yake ƙarewa.

Hutu ba ganin dama ba ne, doka ce ta tsara shi tun 1979, kuma Ministan Harkokin Cikin Gida ne ke shelanta shi a madadin Gwamnatin Tarayya. Wasu ranakun ba sa motsi: 1 ga Janairu, 1 ga Mayu, 12 ga Yuni, 1 ga Oktoba, da 25 da 26 ga Disamba. Ranar Dimokuraɗiyya a da 29 ga Mayu ce, Shugaba Muhammadu Buhari ya mayar da ita 12 ga Yuni. Ista tana bin lissafin Kirista. Ƙaramar sallah da babba da Mauludi kuwa suna bin wata, shi ya sa ake sauraren sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi. A ƙaramar sallar 2024 an ba da Talata da Laraba, 9 da 10 ga Afrilu, da azumi ya cika talatin sai gwamnati ta ƙara Alhamis. A lura, gwamnati ce ta ƙara, ba ma'aikaci ya ƙara wa kansa ba. Gwamna ma yana da nasa iko a jiharsa, kamar hutun 1 ga Muharram, ko 27 ga Agusta, ranar da aka ƙirƙiro Jigawa a 1991. Irin wannan sanarwa daga Dutse take fitowa.

To, ga inda gizo ke saƙa. An ba da kwana biyu, ma'aikaci ya mayar da su mako. In hutu ya ƙare Laraba, sai ya ce ai Alhamis da Juma'a ba su da yawa, sai Litinin. Litinin ɗin ma sai rana ta take. Malam, wa ya ba ka? Albashin da kake karɓa na wata cikakke ne, kuma malamanmu ba su yi saɓani ba a kan cewa cin ladan aikin da ba a yi ba cin haram ne. Ka yi azumi wata guda, ka yanka rago, sannan ka buɗe sabon shafi da cin amana? Wannan abin kunya ne, kuma shugaban ma'aikatar da ya gani ya kau da kai, ko ya bari wani ya sa wa wani hannu a rajista, laifinsa ya fi.

Aikin gwamnati kamar gonar gero ne a farkon damina. Manomi yakan huta ranar kasuwa, gona ba ta ce komai ba. Amma ya ƙara kwana huɗu yana cewa gobe, ciyawa ba ta san uzuri ba, da dare ma girma take. Ran da ya ɗauki fartanya zai tarar shuka ta yi rawaya, aikin yini ya zama na mako, da kaka kuma rumbu ne zai faɗi gaskiya. Sai dai manomi kansa ya cuta. Kai kuwa gonar ba taka ba ce: ta mai naƙuda ce da aka ɗauko a bayan babur daga ƙauye, da ɗalibin da jarrabawa ke jira, da tsohon da ya sayar da kaza ya yi kuɗin mota don takardar fansho.

Sauran a taƙaice. Asibiti da jami'an tsaro ba sa hutu, mai aikin karɓa-karɓa ya tsaya a kan layinsa. A nemi kuɗi kafin banki ya rufe. Direbobi su rage gudu. 'Yan kasuwar Babura masu tsallakawa Nijar su tuna ranakun hutun can daban ne. Takardar da ke yawo a WhatsApp kuma ba sanarwa ba ce, a jira a ji ta a Rediyo Jigawa.

Hakimai, dagatai da limaman Juma'a, a taimaka a tunatar da jama'a tun kafin sallah. Kai kuma ma'aikaci, ranar da aka ce a dawo, ƙarfe takwas ta same ka a bakin aikinka.