Amsoshin Tambayoyinku: Kubwa ko Mararaba?

Wani mai sauraro daga Funtuwa da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Abuja yana tambaya: yaya zai gane unguwar da za ta yi daɗin zama, Kubwa ko Mararaba?

To Malam, Mararaba dai a jihar Nasarawa take, ƙaramar hukumar Karu. Haya ta fi sauƙi, amma abin da ka rage wa mai gida, cunkoson hanyar Keffi zai karɓe shi a kuɗin mota da barcin asuba. Kubwa tana yankin Bwari, titinta ya fi faɗi, ga tashar jirgin ƙasan Kaduna a kusa.

Kada ka yarda da bakin dillali, shi la'adarsa yake nema. Je ka da damina, bayan an sha ruwa, ka duba jikin katangu ko akwai shatar ambaliya. Tambayi mai shayi awa nawa suke samun wuta, domin tun Afrilun 2024 layin Band A, wato na unguwannin da suka fi samun wuta, ya yi tsada. Idan ka ga 'yan garuwa sun yi yawa, babu famfo ke nan. Ka koma bayan isha'i ka ga ko mutane na fitowa hira.