Haruffa Masu Ƙugiya da Makaho Mai Karatu da Kunne

Makaho mai amfani da kwamfuta ko wayar salula da kunne yake karatu. Akwai manhajoji da ke bin rubutu suna furta masa shi, irin su NVDA a kwamfuta da TalkBack a wayoyin Android. Manhajar ba ta ganin siffar harafi; lambar da aka adana shi da ita take bi. Daga nan matsalar rubutun Hausa ta faro.

Shekaru da dama masu buga littattafai suna amfani da zubin haruffa na musamman, inda ake danna alama kamar } ko ] sai ƙ ko ɗ su bayyana. Mai ido yana ganin "ƙasa", amma abin da na'ura ta adana shi ne "}asa", kuma shi za ta karanta wa makaho. Wasu kuwa sukan yar da ƙugiyar gaba ɗaya, sai "ƙafa" ta koma "kafa", "ɓata" ta koma "bata". Ɗalibin nazarin sauti ya san cewa waɗannan sautuka bambanta ma'ana suke yi. Maganin yana cikin tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa: ɓ tana da U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199, ƴ kuwa U+01B4. Wannan ta ƙarshe ita ce ake rubutawa a Nijar, inda Nijeriya ke rubuta 'y.

Abu na biyu shi ne bayyana harshe. Ƙa'idojin WCAG 2.0, waɗanda ƙungiyar W3C ta fitar a 2008, sun buƙaci kowane shafi ya faɗi harshensa, kuma alamar Hausa ita ce "ha". Idan takarda ta fito daga Birnin Ƙonni ko Illela da alamar Faransanci, manhajar za ta furta Hausar da ƙa'idar Faransanci, wadda ba ta furta "h". Wannan babbar hasara ce a yankin da ake cewa "tahi" da "hwara".

Na uku, hoton takarda. Sanarwar da aka ɗauka da kyamara aka tura ta WhatsApp zuwa Tajaye ko Malbaza, a wurin makaho sau da yawa daidai take da farar takarda. A tura rubutun kansa, kowane hoto kuma a haɗa shi da jimlar da ke bayyana abin da ke cikinsa.

Nijar ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, kuma sashe na 9 ya ambaci samun bayanai da fasahar sadarwa. Sauran aikin na masana harshe ne: rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka "gari" na zama da "gari" na tuwo iri ɗaya ake rubuta su. Koya wa na'ura rarrabe su fage ne da ke jiran ɗaliban da ke neman batun kundin digiri.