Nazarin Kai Ta Hanyar Rubutu: Misali Daga Abdullahin Gwandu

Nazarin kai, wanda malaman sufanci ke kira muhasaba, shi ne mutum ya tuhumi zuciyarsa: me ke damun ta, kuma don me yake raye? Fannoni uku ne ke haɗuwa a nan, wato ilimin kula da lafiyar tunani, da falsafar ma'anar rayuwa, da kuma rubutu.

Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Ostiriya wanda ya tsira daga sansanonin 'yan Nazi, ya bayyana a littafinsa na 1946 cewa rashin sanin manufar rayuwa kan jefa mutum cikin ciwo. Shi kuwa James Pennebaker na Amurka, a 1986 ya sa ɗalibai rubuta abin da ya taɓa girgiza su, minti 15 kullum har kwana 4. Waɗanda suka haɗa labarin da yadda suka ji a ransu, sai zuwansu asibiti ya ragu a watannin da suka biyo baya.

Sai dai ɗalibin da ke karatu a Sakkwato ba ya bukatar tsallaka teku kafin ya sami misali. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, ya rubuta Tazyinul Waraƙati a 1813, inda ya tattara wasu waƙoƙinsa tare da bayanin halin da ya yi su. A ciki ya kawo labarin yadda, ana tsakar jihadi, ya ga son mulki da tara dukiya sun fara shiga zukatan jama'a. Abin ya yi masa nauyi har ya bar rundunar ya nufi gabas, da niyyar zuwa ƙasa mai tsarki. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, daga baya ya komo gida.

Abin lura a nan shi ne, bai tsame kansa daga zargin ba, har nasa rauni ya ambata. Wannan shi ya raba nazarin kai da ƙorafi, domin mai ƙorafi laifin wasu kaɗai yake lissafawa. Haka kuma bai rubuta littafin da zafin abin ba, sai bayan shekaru, lokacin da ya iya duban dalilin tafiyarsa da na dawowarsa.

Wajibi ne malami ya san iyakar wannan hanya. Ba a tilasta wa ɗalibi karanta sirrinsa a gaban aji, ba a kuma ba shi maki a kan damuwarsa. Idan rubutun ya nuna rashin barci mai tsawo ko tunanin halaka kai, to al'amarin ya wuce alƙalami, sai likita, kamar na Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware.

Aiki: Ɗalibi ya rubuta shafi guda a kan ranar da ya yi tunanin barin karatu, ya kuma faɗi abin da ya tsayar da shi. Ba za a karɓi takardar ba.