Kashe kurus tun daga Achida

Wani abokina da ke aiki a Kaduna ya kira ni makon jiya, wai zai kai iyalinsa Sabon Birni ɗaurin auren ƙanwar matarsa, me zan faɗa masa game da hanya. Ya zaci da 'yan bindiga zan fara. Na ce masa wannan ko yaron mota zai gaya maka. Ni abin da ya kusa kwanar da ni a daji wani ɗan maɓalli ne da ke jikin sitiyari, wanda direbobi ke kira kurus.

Ga wanda bai san shi ba, kurus shi ne abin da kake dannawa mota ta riƙe gudun da ka ba ta, ka ɗauke ƙafa daga totur ka huta. Wani injiniya makaho ɗan Amurka, Ralph Teetor, ya ƙirƙiro shi, kamfanin Chrysler kuma ya fara sa shi a motocinsa a 1958. Domin manyan titunan can aka yi shi, shimfiɗaɗɗu masu faɗi, inda ba jaki ba amalanke. Motocin da muke saye na hannu daga Amurka kusan duka da shi suke zuwa. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuma sai magana ta bazu cewa kurus yana rage shan mai. A kan hanya miƙaƙƙiya gaskiya ne, yana ɗan ragewa. Ni ma abin da ya ja ni ke nan.

Ranar da abin ya faru bazara ce, irin ta Sakkwato da ko inuwa zafi take yi. Mu shida a mota mai giya huɗu, otomatik, but cike da buhun shinkafa da jarkoki, za mu ta'aziyya. Muna barin Sakkwato na kafa allura a 60 na danna kurus. Sittin ɗin nan fa mil ne, don agogon motar na Amurka ne, wato kusan kilomita 97 a awa. Wannan kaɗai ya isa wauta a kan wannan hanya.

Ƙasar Gobir ba ta da duwatsu irin na Filato, shi ya sa mutum ke sakankancewa. Amma daga wajejen Achida da Wurno har Goronyo hanya hawa take yi tana sauka, ta hau tudun marmara ta gangara fadama ta sake hawa, ga kwalbatoci a kowane kwari. Ƙafar direba ta san yadda ake yi da irin wannan: ka ƙara wuta kaɗan kafin tudu, ka bar gudu ya ɗan ragu a kan hawa, ka mayar da shi a gangara. Kurus ba shi da ido. Bai san da tudu ba sai ya ji gudu ya faɗi, daga nan sai ya buɗe totur da ƙarfi don ya mayar da lambar da ka ba shi. Ita kuwa giya, da ta ji an taka totur haka, sai ta ɗauka kana son wuce wata mota ne, ta sauko daga ta huɗu zuwa ta uku, inji ya yi kuka. Gudu na komawa daidai, sai kurus ya sassauta, giya ta koma ta huɗu. Tudun bai ƙare ba, gudu ya sake faɗuwa, ta sake saukowa. A tudu ɗaya na ƙirga sau biyar tana wannan kai-kawo.

Inda ɓarnar take shi ne zafi. A motar otomatik, tsakanin inji da giyabos akwai wata tukunya cike da man giya, ita ke aikin kuloci. In ana tafiya sumul, akwai faifan da ke kulle ta, ƙarfin inji ya wuce kai tsaye. Duk lokacin da giya za ta sauka sai wannan kullin ya saki, mai ya koma shi ke ɗaukar nauyin, yana ta kaɗawa yana zafi. Kowane canji kuma faifayen ciki sai sun goga da juna kafin su kama. Man nan a yawancin motoci ta cikin lagireto yake bi ya huce, lagireton da shi kansa yake fama da rana da lodi da na'urar sanyaya mota. To ka haɗa duka.

Amma abin da ya ƙarasa ni shi ne maɓallin da aka rubuta RES a kansa. Kana taka birki kurus yake saki, sai dai yana riƙe da lambar a ka. A hanyar nan kuwa ba ka yin nisa ba ka taka birki ba: rami, garken tumaki, shingen jami'an tsaro, wani lokaci shingen da ba ka san ko na waye ba sai an miƙo hannu. Duk na wuce ɗaya sai in danna RES, mota ta zabura kamar an tsikare ta, ta sauke giya biyu lokaci guda, tana neman 60 ɗinta daga 30. Kawuna da ke gaba ya ce, “Kai yaro, motar nan aljanu gare ta?” Na yi dariya na ce fasaha ce, Kawu.

Kafin mu shiga Goronyo fasahar ta fara wari kamar an ƙona roba. Fitila ta kama a gaban sitiyari, mota ta maƙale a giya ɗaya ta ƙi canzawa. Sai daga baya na gane cewa kwamfutar motar ce ke yin haka da gangan don ta ceci abin da ya rage. Muka lallaɓa har garejin wani dattijon bakanike. Ya zaro sandar gwajin man giya, ya goga a farin tsumma, ya shinshina. Man da ya kamata ya zama ja ya koma kalar shayi ba madara.

“Alhaji, wanga mai ya ƙone,” in ji shi. “Ƙafarka na ciwo ne da ka bar wa mota tuƙi?”

Ban ba shi amsa ba. Awa uku muka yi a wurin, ya juye man ya zuba sabo, ya ce Allah ya taimake ni faifayen ba su gama cinyewa ba. Kuɗin man da na biya ya fi fetur ɗin da kurus zai rage min a shekara.

Abin da ya sa na dage a kan wannan shi ne wurin da abin zai same ka. A tsakanin Goronyo da Sabon Birni ne, a Kwanar Maharba, aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a ƙarshen watan Yulin 2024, kuma bai dawo da rai ba. A Disamban 2021 an ƙone matafiya cikin motarsu a hanyar Sabon Birni zuwa Isa. Ba wurin buɗe bonet a jira inji ya huce ba ne. Motar otomatik kuma ba a tura ta ta tashi, in aka ja ta da igiya tafiya mai nisa tayoyin da ke jan ta suna ƙasa, giyabos ɗin ne zai tafi gaba ɗaya. Mai gyaran otomatik na gaske sai Sakkwato ko Gusau.

Saboda haka na ce wa abokina ya kashe kurus tun daga Achida, ya kashe babban maɓallin ɗungurum, kada ya tsaya ga taka birki kawai. In ya ji giya na kai-kawo a kan hawa ko da ƙafarsa yake tuƙi, ya danna O/D OFF da ke jikin sandar giya, ko ya ja ta zuwa 3, ta zauna wuri ɗaya har ya haye. Ƙarar inji za ta ɗan ƙaru, ba komai. A gangara ma haka, don tsohon kurus ba ya taka birki, totur kawai yake saki, mota mai lodi kuwa sai ta kwashe da gudu zuwa kwalbatin da ke ƙasa. Da damina, ko inda iska ta zubo yashi a kan kwalta, kada ma ya yi tunaninsa, don taya na iya sulɓewa ƙafarsa ba ta kan totur.

Man giya a duba shi tun a gida, a yawancin motoci inji na aiki, mota a wuri mai daidai.

Na ce masa sauran ka sani. Fita da hantsi, ka isa kafin la'asar. Cika tanki a Sakkwato. Shiga tasha ka tambayi direbobin haya wace hanya ake bi a ranar, musamman in Isa ka nufa, don hanyar Marnona da ta ratsa dajin Gundumi ba kullum ake bin ta ba, kuma su ne ke da labarin safiyar. In ka samu ayarin motoci, bi su da gudunsu.

Abokin nawa ya tambaye ni ko zai iya ratsewa ya nuna wa yara kufan Alƙalawa, tsohon birnin Gobir da ya faɗi a 1808. Na ce ya tambayi surukansa in ya isa, in sun yarda ya bar motarsa a gida ya bi wanda ya san wurin.